Baba Fenta da Hoton da Ba Shi da Fuska

Ƙarfe biyar da rabi na safe Baba Fenta yake buɗe ɗakin ajiyar kaya na tasharmu. Kwaɗo biyu ne a ƙofar, kuma na ƙasan ba ya buɗuwa sai an ɗaga ƙyauren da gwiwa. Ya shiga, ya kunna fitila, ya bi kayan da suka kwana yana taɓa su ɗaya bayan ɗaya: buhuna, akwatuna, injin niƙa da aka naɗe da bargo, keken da mai shi bai dawo ba tun bara. In ya tabbatar komai na nan, sai ya share bakin ƙofa, ya jawo bencinsa mai guntuwar ƙafa, ya tokare ta da dutse, ya zauna. Daga nan ya zuge tsohuwar jakarsa ya zaro abin.

Babbar waya ce irin mai faɗin nan, gilashinta ya tsage daga kusurwa zuwa kusurwa, da alƙalaminta na roba da ya ɗaure da zare don kada ya ɓace. Direbobi faranti suke ce mata. Duk wanda ya wuce sai ya tanka.

"Baba Fenta, yau wa za a zuba mana a faranti?"

"Wanda Allah ya kawo. Kai dai matsa, ka tare mini haske."

Sai ya ɗaga kai ya zaɓi mutum ɗaya a cikin masu jiran motar farko. Mai goyo ce ko ɗan dako, soja ne mai komawa bakin aiki ko tsoho mai gyangyaɗi a kan buhunsa, duk ɗaya ne a wurinsa. Minti ashirin, wata rana talatin. Ya rubuta kwanan wata a ƙasa, ya mayar da abin jaka, ya kama aikin da aka ɗauke shi dominsa. Kullum mutum ɗaya. Shekara tara ke nan, kuma kwana huɗu kacal ya taɓa tsallakewa, lokacin da aka yi masa aikin ido.

Ni mai facin taya ne, rumfata tana kallon ƙofarsa. Ba na yabon mutum a banza, kowa a tashar ya sani. Amma ƙarshen watan nan Baba Fenta zai miƙa makullai ya koma wurin 'yarsa, gwiwa ta ce ta gaji, kuma ban yarda ya tafi shiru ba kamar wanda bai yi komai ba.

A da mai zanen alluna ne. Sunan shago, kawunan da ake zanawa a bangon masu aski, zaki da dawisu a bayan manyan motoci, duk hannunsa ne. Da injin buga manyan takardu ya shigo gari, cikin shekara biyu aiki ya mutu murus. Ya wanke burushinsa, ya ajiye, ya zo ya karɓi gadin kaya. Shekara goma sha bakwai bai zana ko kan kaza ba. Sai 'yarsa ta kawo masa wayar nan da aka daina amfani da ita a wurin aikinsu, ta nuna masa inda ake taɓawa launi ya fito.

Farkon abin dariya ne. Hannun da ya saba da katako da ƙarfe, aka ba shi gilashi mai santsi. Ya ja layi, layin ya zarce. Fuskokin watan farko kamar dankalin da mota ta taka. Mun yi masa tsiya har muka gaji, shi ko a jikinsa. Bai goge ko ɗaya ba, suna nan har yau, in ka tambaya ya nuna maka ba kunya. Akwai wani wuri a wayar da in ka taɓa, layin da ka ɓata ya koma kamar ba a yi ba. Baba ya kafa wa kansa doka: sau uku kawai a zane ɗaya. Ya ce fenti ba ya komawa gwangwani, kuma hannun da ya san yana da mafita ba ya nutsuwa.

Ba ya yi wa kowa kwaskwarima. Shugaban direbobi ya taɓa zama masa, ya gani, ya ce a rage tumbin. Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ban sa shi ba, ba ni zan cire shi ba." Matar da ke shara a tashar kuwa, da ya nuna mata nata, ta daɗe tana kallo, ta ce, "Ashe haka nake riƙe tsintsiya? Haka uwata take riƙewa." Ta juya ta ci gaba da shara tana share ido da bakin zane.

To, duk wannan muna ɗaukarsa abin rage lokaci ne na tsoho. Sai bara.

Wata Talata da hantsi wata mata ta shigo tashar da tarin takardu da gam, tana liƙawa a bango. Malamar makaranta ce, da tabarau, irin waɗanda ba sa son a ga gazawarsu. Mahaifinta ne ya ɓata. Tsohon tela ne, tsufa ya taɓa masa tunani, ya fita tun safiyar Litinin bai dawo ba. Ga shi da ciwon suga, kullum sai an yi masa allura. Likita ya gaya musu ba ɓoye-ɓoye: in aka wuce mako ba a same shi ba, kada su sa rai da yawa.

Baba Fenta ya taso ya tsaya gaban takardar. Hoto ne baƙi da fari, wani ƙaƙƙarfan mutum da baƙin gemu, ya miƙe sambal kamar an sa masa sanda a baya.

"'Yata, shekarunsa nawa yanzu?"

"Saba'in da takwas, Baba."

"A nan fa?"

"Talatin da wani abu. Shi ke nan hoton da muke da shi. Ba ya son hoto, ko waya ka ɗaga sai ya rufe fuska da hula."

"To ai wannan da kika liƙa ba wanda zai gan shi, don ba ya duniya. Zo ki zauna."

Ta zauna a kan benci, ya zaro wayar. Ya ɗauki fuskar hoton ya yi ta tsofar da ita tana gaya masa. Kumatu sun faɗa. Gemu ya yi fari, ya yi ƙaranci ta hagu. Ido ɗaya ya fi ɗaya runtsewa. Awa guda suna yi, masu karɓar kaya na jira, ba wanda ya yi ƙorafi. Da ya juya mata gilashin sai ta dafe baki.

"Wallahi shi ne. Baba, wannan babana ne."

Ta fashe da kuka. Mu ma da muka kewaye su jikinmu ya yi sanyi. Aka tura zanen a wayoyin direbobi da 'yan kamasho da masu tasi, aka buga shi a takarda, aka liƙa ko'ina. Baba Fenta ya koma bencinsa da ɗan murmushi. Daga baya shi da bakinsa ya ce mini kukan nan nata ne ya ruɗe shi, ya ɗauka ya gama aiki.

Laraba shiru. Alhamis shiru. Motocinmu suna ratsa kowane lungu na garin nan, mutum ɗari da wani abu suna ɗauke da fuskar tsohon a aljihu, ba wanda ya ce ko mai kama da shi ya gani. Malama tana zuwa safe da yamma, kullum idonta ya ƙara faɗawa. Baba ya daina murmushi. Ya zaro zanen ya duba, ya mayar, ya sake zarowa. Ya rasa inda ya kuskure, don fuskar daidai take.

Ranar Juma'a da safe yana zaune zai yi zanensa na kullum, sai ga wata tsohuwa mai taɓin hankali ta ratsa tsakiyar tashar tana magana ita kaɗai. Ya ɗaga alƙalami zai fara, sai na ga ya tsaya. Ba ita yake kallo ba, mutanen da take wucewa yake kallo. Da ta fita ta ƙofar baya ya ƙwala mini kira.

"Mai faci! Matar nan da ta wuce ta gabanka yanzu, yaya fuskarta take?"

Na ce, "Ina na sani?"

"Ta kusa taka maka ƙafa fa."

"Baba, ban kalle ta ba. Na dai ga tana jan ƙafar dama, da jar leda a hannu."

Ya tambayi mai shayi, ya tambayi ɗan kamasho, ya tambayi wani fasinja. Kowa ya ga jan ƙafar. Ba wanda ya ga fuskar. Sai ya dafe kai da hannu biyu.

"Na yi shirme. Na zana shi yadda 'yarsa take ganinsa. Ita ce take kallon idonsa. Mutumin titi in ya ga tsoho a ruɗe kawar da kai yake yi, kada a roƙe shi. Ba fuska ake gani ba, tafiya ake gani."

Ya kira Malama ya ce ta zo maza, ta zo da duk wanda ya fi kowa sanin tsohon. Kafin awa guda sai ga ta da mahaifiyarta, wata 'yar ƙaramar tsohuwa mai kaifin ido, tana dogara lema.

Baba ya ce, "'Yata, tashi ki yi mini tafiyar babanki. Daga nan zuwa bakin famfo."

Malama ta dube shi kamar ya mare ta. Ta dubi direbobin da suka fara taruwa.

"In kwaikwayi ubana? A gaban mutane? Yana can ko yana da rai ko babu, ni kuma in tsaya ina wasan kwaikwayo da shi a tasha?"

"Ba wasa ba ne."

"Baba, na ga girmanka, amma wannan ba zan yi ba. Mutum ne mai mutunci. Kafin ciwon nan ko tari ya yi unguwa tana nutsuwa."

"Na yarda. Amma mutuncinsa ba ya kan titi yanzu, jikinsa ne a kan titi."

Ta juya za ta tafi. Sai tsohuwar ta miƙa mata lemar.

"Riƙe mini nan."

"Inna!"

"Ke rufe mini baki. Shekara hamsin da uku ina kallon ƙeyar mutumin nan yana fita, in ban iya tafiyarsa ba me na iya? Ku kuma ku matsa, ku ba ni fili, kun tsaya kamar an zo rabon gado."

Aka buɗe mata. Ta gyara ɗaurin zane. Sai muka ga 'yar tsohuwar nan ta sauya a gaban idonmu. Kafaɗar hagu ta yi ƙasa, can ƙasa. Kai ya karkace zuwa dama. Hannun hagu ya tashi ya tsaya a gefen kunne, yana riƙe da abin da babu. Ta fara tafiya da gajerun taku, tana ɗan jingina gefe guda, yatsu biyu na hannun dama suna buɗewa suna rufewa.

Baba ya ce, "Inna, wannan hannun na sama me yake riƙe?"

"Keken ɗinki mana. Shekara arba'in yana yawo da shi a kafaɗa, gida gida. Mun sayar da keken tun tuni, kafaɗar ba ta sani ba. Har banɗaki da shi yake shiga."

"Yatsun fa?"

"Almakashi. Da shi yake kiran masu ɗinki, ƙyas ƙyas ƙyas. Ko a barci yi yake, ya hana ni sakat. Na ce masa, Malam, ni ba yadi ba ce."

Wani ya yi dariya, ya kama bakinsa. Ita ma ta yi, amma hawaye na bin kumatunta, kuma ba ta tsaya ba. Ta kai famfo, ta juyo, ta sake. Sau uku. Malama ta rufe fuska da lemar uwarta.

Ni kuwa hannun Baba Fenta nake kallo. Wallahi ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Bai dubi gilashin ba sam, idonsa na kan tsohuwar, hannun yana tafiya shi kaɗai kamar an ba shi nasa idon. Shekara takwas na safiya ɗaya bayan ɗaya, duk suka taru a minti biyar ɗin nan. Layukan ba su fi ashirin ba. Ba launi. Mutum ne ta baya, cikin doguwar riga, kafaɗa ɗaya a ƙasa, hannu a sama yana riƙe da iska, yatsu biyu a buɗe.

Malama ta leƙa. "Ina fuskar?"

"Babu."

"Yaya za a nemi mutum da hoton da ba fuska?"

"Kwana uku muna nemansa da fuska, 'yata."

Aka tura. Ban gama ɗaure tayar da ke hannuna ba sai muka ji ihu daga layin bas. Wani direba ne da muke kira Birki, saboda ba ya taka shi. Ya taho a guje da waya a sama, takalmi ɗaya ya cire.

"Baba! Baba Fenta! Wannan ai tsohon bayan babbar kasuwa ne, na tsallaken gada! Shekaranjiya saura kaɗan in kwashe shi, har na leƙo na zage shi, Allah ya yafe mini. Kullum yana nan wajen layin teloli!"

"Kai Birki, ba na tura maka fuskarsa tun Talata ba?"

"Baba, wa ke kallon fuska? Ni hanya nake kallo!"

Mai shayi ya ce, "Yau ka fara."

Birki ya sauke fasinjojin da ya loda, ya ba su haƙuri, wanda bai haƙura ba ya ba shi baƙar magana. Inna da Malama suka shiga gaba. Abin da ya faru can ban gani ba, Birki ne ya ba mu labari. Sun same shi a ƙarƙashin matakalar layin teloli, kwance a kan tarin ƙyallaye. Ƙarar kekuna ce ta ja shi can. Telolin sun ɗauka almakashinsa ya ɓata yake nema, suka bar shi yana zama, suna ba shi burodi da shayi mai zaƙi don tausayi, ba su san zaƙin ne ke kashe shi ba. Takardar da ke ɗauke da fuskarsa tana liƙe a bangon da ke kallon matakalar. Tun safiyar ranar ya kasa tashi. A asibiti likita ya ce da an ƙara kwana ɗaya, da ba wurinsa za a kawo shi ba.

Bayan mako uku suka kawo shi tashar ya gaida Baba. Muna hango su daga ƙofa muka gane shi, mu da ba mu taɓa ganinsa ba, don zanen ne yake tahowa da ƙafafunsa. Aka zaunar da shi a benci. Bai san inda yake ba, Malama ma a ranar "baiwar Allah" yake ce mata. Baba Fenta ya buɗe zanen ya miƙa masa. Tsohon ya kawo shi kusa da ido, ya daɗe yana dubawa, ya ɓata rai.

"Wane ne ya ɗinka wa bawan Allahn nan riga? Kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya. An cuce shi."

Inna ta ce, "Kai ka ɗinka, Malam."

"Ni? Allah ya kiyaye. A ce ya kawo in gyara masa."

Tashar nan kaf ta kwashe da dariya, Malama tana yi tana kuka, ta durƙusa gaban Baba Fenta. Shi kuwa ya rasa inda zai sa kansa, ya tashi ya shige ɗakin kaya wai ana jiransa. Ba mai jiransa. Na leƙa, na same shi tsaye a bayan buhuna yana goge tabarau.

Baba Fenta, da kai nake yanzu. Kai ne wanda sana'arsa ta mutu a hannunsa, bai zauna yana zagin zamani ba, ya karɓi abin zamanin ya koya daga farko yana da furfura, yara suna yi masa dariya. Kai ne ka yi kuskure a gaban jama'a, ka ce na yi shirme, da bakinka, ba ka laɓe bayan cewa zanen ya yi kyau ba. Manya da yawa na sani da ba za su iya faɗin wannan kalma ba ko za a yanka su. Mai ido a yatsu, ba a taɓa kiranka taro an ba ka takardar yabo ba, sunanka ba ya jikin ko ɗaya daga cikin zanenka. Amma akwai gidan da yau ake ɗumama ruwan wankan tsoho, ana faɗa da shi a kan allura, ana jin ƙyas ƙyas ɗin yatsunsa, saboda kai. Mun gode. Allah ya saka maka da alheri, ya ba gwiwar nan sauƙi, ya bar maka hannunka da idonka har ƙarshe.

Ku kuma masu karatu, ban ce kowa ya je ya nemi waya ya fara zane ba, ni kaina ko da'ira ban iya ba. Abu biyu nake roƙo. Duk abin da hannunka ya iya, ka riƙa taɓa shi kullum ko ba mai kallo, don ba ka san ranar da ran wani zai rataya a kansa ba. Na biyu ya fi sauƙi, kuma ya fi wuya. In ka haɗu da tsoho a hanya yana tafiya kamar wanda ya manta inda za shi, kada ka kawar da kai. Tsaya, ka dubi fuskarsa, ka gaishe shi, ka tambaye shi gidan wa yake nema. Akwai wadda take can bakin ƙofa tana jiransa.